Buldog ɗin Alapaha: kafin shuɗin idonsa ya sa ka zaro kuɗi

A cikin karnukan da ake ajiyewa don gadi a Abuja da Jos, Boerboel da Rottweiler da German Shepherd su ne aka fi sani. Buldog ɗin Alapaha, wanda cikakken sunansa Alapaha Blue Blood Bulldog, ko a ƙasarsa Amurka ba kowa ya taɓa ganinsa ba. Saboda haka idan wani ya turo maka hoton kwikwiyo mai jiki dabbare-dabbare da shuɗin ido a WhatsApp ya ce Alapaha ne tsantsa, fara da tambayar takardun iyayensa. Barbarar buldog ɗin Amurka da wani kare mai irin wannan launi kan ba da kwikwiyon da a hoto ba za ka iya bambanta shi da na ainihi ba.

Asalinsa kudancin jihar Jojiya ne, yankin kogin Alapaha. Iyalan Lane na garin Rebecca su ne suka riƙe irin. A labarin da suke bayarwa, kakansu Buck Lane ya yi ta kiwon waɗannan karnuka yana raɗa wa mazan suna Otto, har jirgin ƙasa ya kashe shi a 1943. Jikarsa Lana Lou Lane ce ta ci gaba da kiwon, ta kuma fitar da sunan irin a duniya kafin rasuwarta a 2001. Har yau babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ba ta sa shi cikin jerin nata ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne ke yi masa rajista, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba kan wace zuriya ce ta gaskiya.

Aikin da aka yi shi dominsa shi ne ke bayyana halinsa. Karen gona ne: ya tsare gida, ya koro shanu, idan sa ya ƙi ko aladen da ya koma daji ya ɓalle, ya cafke shi a kunne ko hanci ya riƙe har mai shi ya iso da igiya. Shi ya sa jikinsa ya bambanta da buldog ɗin Ingila mai gajerun ƙafafu da ke numfashi da ƙyar. Alapaha na da ƙafa, yana gudu, yana tsalle. Namiji kan kai kilo 32 zuwa 41, tsayinsa a kafaɗa wajen santimita 50 zuwa 60, mace kuwa kilo 25 zuwa 34. Kai faffaɗa, muƙamuƙi mai ƙarfi, haƙoran ƙasa sun ɗan fi na sama fitowa, gashi gajere mai ɗan kaushi. Wanda ka gani ya yi teɓa yana tafiya yana rangaji, ƙiba ce ta kama shi, ko da mai shi yana alfahari da nauyin.

A gida yana manne wa mutanensa, da baƙo kuwa yana ja da baya yana kallo. Ba mai yawan haushi ba ne, kuma nan ne ake yin kuskure, domin mutum kan ɗauka shirunsa yarda ce. Ka lura da jiki: in ya sandare, ya rufe baki, ya kafe mutum da ido, nauyinsa ya koma ƙafafun gaba, to janye shi nan take, kada ka jira gurnani. Maza biyu a gida ɗaya sukan yi faɗa mai muni da zarar sun balaga, wajen wata 18 zuwa shekara 2, ko da tare suka tashi. Akuya da kaji da ragon layya da aka ɗaure a tsakar gida kuwa, a idonsa abin kamawa ne sai in tun yana ƙarami ya saba da su.

Tsarin da aka saba a gidaje da yawa, wato a ɗaure kare da sarƙa a bayan gida yini guda, maigadi ya miƙa masa abinci daga nesa, da dare a sake shi, shi ne mafi munin abin da za a yi wa wannan irin. Ba dole ya shiga ɗaki ba. Mai ajiye kare don gadi kawai yana iya barinsa a tsakar gida. Amma dole a samu mutum ɗaya tsayayye da zai fita da shi kullum na kamar awa guda, ya koya masa zama da tsayawa da zuwa in an kira, da sakin abin da ya kama. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga karen da aka halitta don riƙo. Ana koyar da shi da igiyar wasa: a bar shi ya ja, sai a tsayar da hannu cak, a faɗi kalma ɗaya, yana saki a ba shi ɗan nama a ci gaba da wasan. Minti biyar sau biyu a rana ya wadatar. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya koya masa jin tsoron hannu, kuma kare mai kilo 40 da ke tsoron hannu haɗari ne ga yaran gida. Lokacin sabo gajere ne, daga mako 3 zuwa kamar 14, don haka a karɓe shi yana mako 8, a nuna masa masu babbar riga da masu hijabi da ƙarar janareto da babur tun da wuri. Katanga kuma kada ta gaza mita 1.8.

Launin nan da ake rububi a kansa shi ne babbar ƙofar matsala. Dabbare-dabbaren toka-toka ko ruwan ƙasa, da idon da ke fitowa shuɗi ko rabi shuɗi, ƙwayar halitta ɗaya ce ke kawo su. Gadon kwafi ɗaya na wannan ƙwaya daga uwa ko uba yawanci ba ya cutarwa. Idan aka haɗa dabbare da dabbare, kowane kwikwiyo na da damar ɗaya cikin huɗu ta gadon kwafi biyu, sai ya fito kusan fari fat, sau da yawa kurma, wani lokaci da ƙanƙanin ido ko makanta. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke ba fata launi su ne kuma ake buƙata a can cikin kunne; in babu su, sashen da ke ɗaukar sauti kan lalace cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba ya dawowa. Masu farin kai ma, ko ba dabbare, suna cikin wannan haɗari. Nemi ganin uwa da uba da idonka. Gwada kwikwiyon shi kaɗai, ba cikin ’yan’uwansa ba, domin kurma kan bi motsinsu ya ɓoye lalurarsa. Tsaya a bayansa ka kaɗa makullai, ba tare da buga ƙafa ko inuwarka ta faɗa kansa ba, ka ga ko kunne zai motsa. Wannan ba ya gano kurumtar kunne ɗaya. Sai gwajin na’ura da ake kira BAER.

Sai ƙugu. Kamar sauran manyan karnuka, kan ƙashin cinyarsa kan ƙi zama daidai cikin gurbinsa. Alamarsa: wahalar tashi bayan kwanciya, gudu da ƙafafun baya a haɗe, ƙin hawa matakala. Gado ne, amma ciyarwa na tsananta shi. Cusa wa kwikwiyo abinci don ya yi saurin girma, da ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam a kan abincin kanti da ya riga ya cika, suna lalata gaɓoɓin da ake son ginawa. Tayil mai santsi ma ba ya taimakawa. Hoton ƙashi na iyaye bayan sun kai wata 24 shi ne shaidar da za ka nema. Ido kuma, fatarsa kan naɗe ciki gashi ya riƙa gogar ƙwayar. Za ka ga hawaye da kwantsa da runtse ido kullum. Maganin ɗigawa sauƙi kawai yake kawowa, gyaransa ƙaramar tiyata ce.

Babba mai kilo 35 na cin wajen giram 450 zuwa 500 na busasshen abincin kare a rana, a raba safe da yamma, da ruwa aƙalla lita 2. Haƙarƙarinsa ya kamata ka ji su da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Ragowar miya mai albasa na fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, dafaffen ƙashin kaza kuma kan tsage ya huda hanji.

Jos, da tsayinta na wajen mita 1,200, ta fi yi masa daɗi. Abuja a watan Maris da Afrilu wani abu ne daban. Kare da haki yake sanyaya jiki, gajeren hanci kuma na rage masa wannan dama. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Ya haura 41, rai na cikin haɗari. A fita da shi da asuba ko bayan magariba, a taɓa kwalta da bayan hannu tukuna. In ya fara haki mai ƙara, yawu na dalala da kauri, yana tangaɗi, a kwarara masa ruwan sanyi a ciki da cinyoyi, a kunna fanka, a nufi asibiti da shi a jiƙe. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake riƙewa.

Cikin abubuwan da suka fi kashe tsadaddun kwiyakwiyai a nan akwai fabo, ciwon amai da gudawar jini. Rigakafinsa daga mako 6 zuwa 8 ake farawa, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har mako 16, kuma allurar da ta kwana ba a firji ba ba ta da amfani. Ta haukan kare a mako 12. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, na cikin masu sarrafa ta. Kaska kuma tana ɓuya a tsagin bangon ɗakin kare, don haka wanke kare kaɗai ba ya raba shi da ita, sai an yi feshin ɗakin an toshe tsagogin. Ɗaga leɓensa sau ɗaya a mako: dasashi mai lafiya ja-ja ne, in ya koma fari ko rawaya tare da kasala da ƙin abinci, a je a ɗibi jininsa ranar, domin cutar kaska kan kayar da babban kare cikin ’yan kwanaki.