Abin da aikin tattara bayanai ya koya mini game da auna rayuwar mutane

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama. Sakkwato ce a sama da kashi 91, Ondo a ƙasa da kashi 27. Rahoton ya sauko har matakin mazaɓun sanata 109, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Amma duk wanda ya taɓa bin gida-gida da takardar tambayoyi, kamar yadda na yi, ya san cewa daga nan wahalar take farawa.

Ɗauki mazaɓar sanata ta Kano ta Tsakiya. A cikinta akwai Nasarawa da Fagge, akwai kuma Warawa da Garun Malam. In aka haɗa mai gida a unguwar masu hali ta GRA da manomin da matarsa ke tafiya mai nisa kafin ta samu ruwa, aka fitar da lamba ɗaya, to lambar ba ta kowa ba ce a cikinsu. Shugaban ƙaramar hukuma da ke neman inda zai haƙa rijiyar burtsatse ba zai tsinci komai a ciki ba. In kuma aka ce a auna ƙananan hukumomi 774 ɗaya bayan ɗaya, gidajen da za a shiga sai sun ninka, kuɗi ma haka. Ga shi rabonmu da ƙidaya tun 2006, ta 2023 kuma an ɗage ta. Duk lissafin "mutum nawa ne ke da likita ɗaya" a kan hasashe yake zaune.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokaci. Gidan da ka shiga da kaka, rumbu cike, ba shi ne za ka tarar a watan Agusta ba, lokacin da hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Da rani kuma samari sun tafi cin rani, sai ka rasa wanda za ka rubuta.

Sai amsar kanta. Magidanci yana kallon rigarka da na'urar hannunka, yana auna ko tallafi ka kawo ko haraji. In ya zaci tallafi ne, awaki sun ɓace. In kunya ta hana shi, zai ce "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri" alhali jiya ba a ɗora tukunya ba. Sana'ar matan cikin gida, ƙuli-ƙuli, kitso, adashi, ba ta fitowa sai in mace ce ta shiga ta zauna da su a kan tabarma. Yaron da aka kai almajiranci wani gari, a gidan wa za a ƙirga shi?

Wuraren da suka fi shan wuya kuma su ne ba a iya shiga. Binciken matsayin rayuwa na 2018/2019, wanda ya ce kashi 40 na cikin talauci, bai sa Borno a lissafinsa ba saboda rashin tsaro. Shi ya sa yanzu in aka miƙo mini teburin alƙaluma na wata jiha, kafin in duba lambar nakan tambayi watan da aka fita aikin, da garuruwan da aka tsallake, da ko akwai mata cikin masu tambayar.