Na Je Keta, Garin da Teku ke Ci

Mutumin Kano idan aka ce masa zaizayar ƙasa, kwarin da ruwan damina ke yankawa a bayan gari yake hangowa. Sai da na je Keta ta ƙasar Ghana na ga inda ruwa ke haɗiye unguwa sukutum.

Ta Legas na bi, na ratsa Kwatano da Lome. A wata iyaka wani jami'i ya yi ta juya fasfona ba gaisuwa ba kallo, takarduna a cike amma sai da ya tatsi na goro. Allah ya isa.

Daga Aflao, garin kan iyakar Ghana da Togo, motar haya ta ɗauke mu ta wata siririyar hanya, teku a hagu, tafki a dama. A Agavedzi da Salakope na fara ganin gidaje a rushe, yashi ya cika ɗakuna har taga. Nan ne igiyar ruwa ta raba dubban mutane da muhallinsu a Nuwamban 2021.

Wani dattijo a zangon Keta ne ya sauke ni. Da na ciro kuɗin masauki sai ya ɓata rai: "Haba ɗana, baƙo kake ko ɗan haya?" Washegari ya kai ni bakin ruwa. Manyan duwatsu ne aka jibge layi-layi, sun miƙe daga gaɓa zuwa cikin teku, don su karya ƙarfin igiya su kuma tare yashi. An gama aikin a 2004, kuma ya yi rana, domin tsakanin layukan yashi ya taru har masunta na shanya taru a kai.

Na ce, "Baba, ashe an huta." Ya yi dariya ya nuna gabas, inda na fito. A wannan gaɓa ruwa daga yamma yake kwaso yashi zuwa gabas, kuma tun da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965, yashin da kogin ke kawowa ya ragu sosai. Ɗan abin da ya saura duwatsun Keta sun riƙe, sai teku ya koma yana cin na maƙwabta. Ni dai a ganina wanda ya tsara aikin ya san da haka, bai kamata a bar ƙauyukan can a buɗe ba.

Mun leƙa Prinzenstein, ganuwar da Turawan Denmak suka gina a 1784 suka riƙa tsare bayi a ciki. Teku ya cinye babban ɓangarenta.

Kifi kam araha kamar a ba ka kyauta, kuma matan kasuwar ba sa ƙosawa da ciniki. Albasar Anloga, wani gari kusa da Keta, ce ta ba ni dariya, ƙanana ƙwil-ƙwil, mutumin Aliero ba zai ɗauka ba, ga tsada.

Na wuce Akara ta gadar Sogakope, na kwana a unguwar Nima, na biyo jirgi zuwa gida.