Kek, burodi da sikeli: yadda aiki yake a ƙaramin gidan gashi

Sana'ata gashin kek da burodi da 'yan kayan zaƙi. Wurin ƙarami ne, daga ni sai masu taya ni aiki. Tambayar da aka fi yi min, musamman mata da matasa masu son shiga harkar, ita ce wane littafin gashe-gashe ya kamata su saya. Kullum amsata ɗaya ce: a nemi wanda ya tsaya a kan tsofaffin girke-girke, wato kek na bota, farin burodi, kastad da biskit, wanda kuma ya rubuta ma'auninsa da giram. Littafin da aka cika da hotunan kek mai hawa biyar da furannin aisin yana da daɗin kallo, ban musa ba. Amma abin da ke riƙe shago shi ne kek ɗin da kwastoma ya ci yau, ya dawo bayan wata guda ya tarar da shi yadda ya san shi.

Abin da ya sa nake girmama tsofaffin girke-girken nan shi ne, an gina su ne a kan lissafi mai sauƙin riƙewa. A duba kek ɗin botar da mutanen Ingila suka daɗe suna yi: fam ɗaya na fulawa, fam ɗaya na bota, fam ɗaya na sukari, fam ɗaya na ƙwai. Fam ɗaya giram 454 ne. Mutanen Faransa ma suna da irinsa, kayan haɗi huɗu masu nauyi daidai wa daida. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar buɗe littafi. Sai ya fasa ƙwansa ya auna, duk abin da sikeli ya nuna, haka zai auni sauran ukun. Babban ƙwai idan an cire ɓawo yakan kai giram 50, to ƙwai huɗu ke nan suna tafiya da giram 200 na kowane ɗaya daga cikin sauran. Daga wannan tushe guda nake fitar da mafi yawan abin da nake sayarwa. In na cire ɗan fulawa na mayar da garin koko, na samu na cakulan. In na goga bayan lemon tsami a ciki, na samu wani daban. Kwastoma na ganin kala-kala, ni kuwa kwaɓi ɗaya nake gani.

A wani littafin girki da aka buga a Landan a 1747, an umarci mai yin wannan kek da ya yi ta bugun kwaɓin har tsawon awa guda, da hannu ko da babban cokalin katako. Dalili kuwa, a lokacin babu bakin hoda, wato garin da ake zubawa don kek ya tashi. Iskar da aka buga ta shiga cikin bota da ƙwai ita kaɗai ke ɗaga kek. Sai a 1843 wani masanin haɗa magunguna a birnin Bamingam na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa bakin hoda saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Shi ne dai ya fito da garin kastad marar ƙwai a 1837, don ƙwai ma ba ya yi mata. Yau muna da bakin hoda, muna da injin bugu, aikin awa guda ya koma na mintuna kaɗan, amma dokar tana nan: kek ɗin bota a wajen bugun bota da sukari ake samunsa ko a rasa shi.

Nan ne na fi sa ido idan ina koyar da wani. Ƙwayoyin sukari suna da kaifi, yayin da ake bugu sai su riƙa huda botar suna barin ƙananan ramukan iska. Bakin hoda ba ta ƙirƙiro sababbin ramuka, waɗanda ta tarar take hurawa su girma a cikin obin. Saboda haka botar tana bukatar ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta, ba tare da ta fara narkewa ba, wajen digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin salshiyos. Idan ta yi tauri ba ta buguwa, idan ta narke ba ta riƙe iska, kek ya fito a cushe, ƙasansa da maiƙo. A ranakun da kicin ya ɗauki zafi nakan sa kwanon bugu da botar su ɗan sha sanyi kafin a fara. Ana bugu har launin ya yi fari-fari, sannan a riƙa zuba ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kada na biyu ya shiga sai na farko ya ɓace. In an juye su gaba ɗaya, kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Da zarar fulawa ta shiga kuma, labari ya juya, bugu ya ƙare, sai juyawa a hankali har farin gari ya daina bayyana. Fulawar alkama tana da furotin da ke zama danƙo idan ya haɗu da ruwa aka motsa shi, shi ake kira gulutin. A burodi nemansa muke yi, a kek gudunsa muke yi. Shi ya sa fulawar burodi ke da furotin wajen kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta kek kuwa kashi 7 zuwa 9. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin kwaɓi ya shiga gwangwani na riga na san irin kek ɗin da zai fito.

Batun kofi da sikeli kuma ba na sassauci a kansa. Awo da kofi ya yaɗu ne ta littattafan Amurka, musamman bayan da Fannie Farmer ta fitar da nata a Boston a 1896, inda ta dage a kan a riƙa shafe bakin kofi da na cokali ya zama daidai. A zamaninta wannan ci gaba ne babba, kuma ga mai yi wa iyalinsa kek sau ɗaya a mako ya wadatar. Mai sana'a fa? Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 idan an tankaɗe an zuba da cokali, ya iya haura 150 idan an dumbuza shi cikin buhu an danna. Ga kofin Amurka kusan mililita 240 ne, na wasu ƙasashe 250. Kek mai cin kofi uku na iya samun bambancin giram 90 tsakanin hannuna da na wadda ke taya ni, kuma wannan ya isa ya mayar da kek mai laushi busasshe. Duk girkin da ya shigo wurina da kofi, kafin a taɓa fulawa sai na mayar da shi giram na rubuta a littafin shago.

Wannan littafin shagon shi ne ainihin dukiyar sana'ar. Kowane kek da shafinsa: nauyin kayan haɗi, girman gwangwani, nauyin kwaɓin da ke shiga kowane gwangwani, zafin obin, mintunan da ya ɗauka, da matakalar da aka ɗora shi a kai. Littafin da aka saya zai ce digiri 180, minti 35. Marubucin a obin ɗinsa ya gwada. Lambar da ke jikin maɓallin obin sau da yawa ba ta dace da ainihin zafin da ke ciki ba, don haka ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki yana cikin kayan da suka fi min amfani. Idan obin mai fanka ne, akan rage kamar digiri 20 daga abin da aka rubuta. Kowane obin kuma yana da kusurwar da ta fi ci, sai an zauna da shi ake saninta. Haka nan canza gwangwani ba a yin sa da ka. Daga mai faɗin santimita 20 zuwa mai 25, ido zai ce ƙari kaɗan ne, alhali kwaɓin da ake bukata ya haura ninki ɗaya da rabi, kuma gashin zai ɗauki lokaci, tsakiya na iya zama ɗanye gefe ya riga ya yi duhu.

Burodi halinsa daban. Kek na bin agogo, burodi kuwa yis yake bi, shi kuma yis abu ne mai rai, kamar yadda binciken masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya nuna tun a wajejen 1857. Yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi ya fitar da iska, danƙon fulawa ya tare iskar, kwaɓi ya kumbura. Ɗumi na hanzarta shi, sanyi na rage masa gudu, ruwan da ya kai digiri 60 kuwa kashe shi yake yi. Shi ya sa idan littafi ya ce a bar kwaɓi awa ɗaya, nake ce wa masu koyo su kalli kwaɓin, su bar agogo. In ya ninka girmansa, aka danna yatsa ramin ya dawo a hankali bai cike gaba ɗaya ba, ya isa. In ya zarce, zai faɗa a cikin obin, ga warin tsami.

Masu burodi suna da hanyar lissafi da nake so kowa ya koya: ana ɗaukar fulawa a matsayin ɗari, sauran kaya a auna su da ita. Farin burodi na yau da kullum yakan ci ruwa kashi 60 zuwa 65, gishiri kashi 2, busasshen yis kashi 1. Kilo ɗaya na fulawa ke nan da ruwa wajen giram 620, gishiri 20, yis 10. Da wannan ko buhu guda za a kwaɓa, lissafin ba ya rikicewa. Gishirin nan kada a raina shi, bayan ɗanɗano yana ƙarfafa danƙo yana kuma ja wa yis linzami. Sai a tuna cewa burodi na rasa kusan kashi 10 na nauyinsa a wuta, wani lokaci fiye, don haka wanda ya yi alƙawarin burodi mai giram 500 sai ya yanki curin da ya fi haka. Kuma kada a ɗaure shi a leda da zafinsa, gumi zai jiƙa shi ya jawo fumfuna da wuri. Firji ma ba wurin burodi ba ne, sanyinsa na sa sitacin ya yi saurin tauri. Wanda zai ajiye, firiza ce ta dace.

Kayan zaƙi ba na yawaita su. Kastad na ƙwai da madara, karamel (sukarin da aka narkar a wuta har ya yi ja), da biskit sun ishe ni. Kastad ɗin ƙwai wuta kaɗan yake so, da ya wuce digiri 85 sai ya guntse. Sukari kuma yana fara yin ja a wajen digiri 160 zuwa 170, tsakanin ja mai ƙamshi da baƙi mai ɗaci 'yan daƙiƙu ne, ba a barinsa a je amsa waya.

Akwai kuma ɓangaren da babu littafin girkin da ke koyarwa, wato lissafin kuɗi. Masu fara sana'a da yawa suna haɗa kuɗin fulawa da bota da ƙwai, su ɗora ɗan wani abu a kai su kira shi riba. Ina kuɗin gas ko lantarki? Ina na kwali da takardar shimfiɗa a gwangwani, da sabulun wanke-wanke, da kai kaya? Ina na kek ɗin da ya fashe wajen cirewa, da burodin da ya kwana ba a saya ba? Ina ladan tsayuwar mai aikin? Idan ba a sa waɗannan ba, mutum zai ga oda na shigowa, jari kuma na raguwa. A nan ma sikeli ke ceto, domin wanda ya san giram nawa na bota ke cikin kowane kek, ranar da kaya suka tashi a kasuwa zama ɗaya zai yi ya gyara farashinsa. Ni a ganina ƙara kuɗi a fito fili a faɗa ya fi rage ƙwai a ɓoye. Harshen kwastoma na ganewa ko da bakinsa bai furta ba, sai dai kawai a daina ganinsa. Haka kuma duk wanda ya tambayi abin da ke cikin kek ana gaya masa gaskiya, domin akwai mutanen da ƙwai, madara, alkama ko gyaɗa ke yi wa illa sosai.

Odar babban kek ba na karɓarta sai da kafin alƙalami da rubutaccen bayani: girma, ɗanɗano, launi, rubutun da za a yi a kai harafi-harafi, da lokacin karɓa. Idan aka kawo min hoton abin da na san hannuna bai kai ba, ko aka ba ni lokacin da kek ba zai huce ba kafin a shafa masa kirim, nakan ba da haƙuri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kek ɗin aure ba shi da gobe, in ya lalace babu damar sakewa.

Wanda ya zo koyo wurina da awo yake farawa, da tankaɗe, da shafa wa gwangwani bota. Daga nan sai kek ɗin nan mai kayan haɗi huɗu, ya yi ta maimaita shi har a yanka nasa a yanka nawa a kasa bambancewa. Bayan haka farin burodi, da hannu zai murza kafin ya taɓa inji, don tafinsa ya san lokacin da kwaɓi ya daina manne wa ya fara santsi. Ado da aisin, wanda yawancinsu dominsa suka zo, shi ne na ƙarshe.