Wa ya fara ganin takardar?

Wallahi abin nan ya tsaya min a rai tun satin jiya. Akwai wani dattijo a Agege, muna ce masa Baba Malam, yana da tsohuwar gafaka da ya gada wajen kakansa, cike da takardun ajami, wasu gara ta ci gefensu. Wani ƙanina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas shi ya zauna kusan wata biyu yana warware su, shi ya ɗaga wata takarda a hasken taga ya ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta, irin takardar da ake kawowa daga Italiya a da, kuma shi ya karanto baitocin har muka fara zaton waƙar wa'azi ce ta zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864.

Sai ga wani ɗan boko ya zo rana ɗaya, ya ɗauki hoto da waya, washegari a Facebook wai "na gano". Ka gano a ina, Malam? Ko sunan mai gafakar bai sa ba fa.

Abin haushin ma, shi wanda ya kwafi takardar da hannu tun asali, da ya kai tammat sai da ya rubuta sunansa da na malaminsa a ƙasa, da jan tawada, har yanzu ana karantawa.