Akwatin saman mota da ɗakin da ake ja: ina man yake tafiya?

Masu jan ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: akwatin kayan da ake ɗaurawa a kan rufin mota, ƙara shan mai yake yi ko ragewa? Wasu har rantsuwa suke yi cewa akwatin yana tsaga iska, ya ɗaga ta sama ta haye kan ɗakin. Ni dai tankina bai taɓa nuna mini wannan garaɓasar ba, amma kuma ɓarnar ba ta kai yadda ake tsoratar da mutane ba.

Idan mota ita kaɗai take tafiya, babu musu, akwati yana cin mai. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce babban akwati mai faɗin goshi yana rage nisan da mota ke yi da lita guda da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a cikin gari, ya kai kashi 10 zuwa 25 idan ana gudun kilomita 105 zuwa 120 a awa. Turjiyar iska ce sanadi: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa.

Da ka ƙulla ɗaki a baya kuwa, lissafin ya sauya. Faɗinsa yakan haura mita 2, tsayinsa wajen mita 2 da rabi, goshinsa kamar bango. Iskar da ta bi ta saman mota dama can shi za ta je ta daka. Akwatin ya zauna ne a kan hanyar iskar da ko babu shi sai injin ya yi kokawa da ita, shi ya sa nasa ƙarin yake ɓacewa a cikin na ɗakin.

To me ya hana ya rage man? Tazara. Murfin karkatar da iska da ake ɗora wa kan manyan tireloli yana aiki ne saboda bodin yana manne da kan motar. A nan kuwa ƙarfen ja ya raba mota da ɗaki da fiye da mita guda, sai iska ta sauko daga kan akwatin ta faɗa cikin wannan ramin, ta yi ta juyi, sannan ta bugi goshin ɗakin. Nakan tura nawa can ƙarshen rufi don rage tazarar, muddin murfin but zai buɗe.

Abin da ya fi damuna ma nauyi ne. Motoci da yawa kilo 75 ne iyakar abin da rufinsu ke ɗauka, har da ƙarafan kariyar da ake ɗaura akwatin a kai da shi kansa akwatin. Barguna, matasai da kujerun naɗewa nake sa wa sama. Tukunyar gas da jarkar ruwa ba su da wuri a can, domin ranar da babbar mota ta wuce ka da gudu, iskarta ta kaɗa ɗakin, a sitiyari za ka ji duk kilon da ka ɗora sama.

Asarar gaske tana zuwa ne bayan an sauka. An kwance ɗakin an ajiye, ana ta yawo da akwati fayau a kan mota, kariya tana fito a kunne, ga kasalar kwance ƙusoshi. A nan ne alƙaluman Amurkawan suke kama ka.

Game da gudu kuma, dokar Jamus ta tsayar da mai jan ɗaki a kilomita 80 a awa sai in yana da izinin gudun kilomita 100, Ingila kuma mil 60 a awa a babban titi. Sassauta totur daga 100 zuwa 85 ya fi cire akwatin tasiri a tankina, nesa ba kusa ba. Mai son gwadawa ya cika tanki maƙil, ya bi hanya ɗaya da gudu ɗaya zuwa da dawowa, da akwati da kuma babu shi, don kada iskar gaba ta ruɗe masa lissafi.