Wandon fadawan Faransa da ya hana ni barci

Yayata malamar Faransanci ce a wata sakandare nan Kano, watan jiya ta shigo shagona da rana tsaka ta miƙo min waya, wai ɗalibanta za su yi diramar juyin juya halin Faransa na 1789, tana son wanduna shida irin na sarki Luwi na 16 da fadawansa. Na duba hoton, wando ne da ya tsaya ƙasan gwiwa kaɗan ya ɗame, sai doguwar safa fara. Na ce Yaya ai wannan gajeren wando ne, jibi ki aiko a karɓa. Ta ce "kai dai ƙanena duba da kyau, kar ka kunyata ni gaban firinsifal." Da na sani da na yi shiru.

Ita ta min bayani cewa culotte suke ce masa, kuma a wancan zamanin shi ne shaidar kai babba ne, talakawan Faris masu aikin ƙarfi dogon wando suke sawa har idon sawu, shi ya sa aka laƙaba musu sans-culottes wato marasa kulot. Kenan in wandon bai fita ba diramar ma ta rushe, don mai kallo ba zai gane waye bafade waye talaka ba.

Mu dai ba mu saba yanka da takarda ba. Tef, alli, almakashi, sai ido, haka na koya haka nake koya wa yarana. Na yanka na farko da ka, ya fito kamar wandon 'yan ƙwallo da aka ɗaure wa baki da roba, yarona har da cewa Oga wannan ai na wankin mota ne. Dole na koma intanet neman takardar yanka, wadda masu koyon ɗinki a makaranta ke ce wa fatan.

Nan na sha wuya. Rabin abin da ke fitowa na siyarwa ne da dala kuma sai an turo ta jirgi, sauran kuma na yaudara ne, wandon barci ne kawai aka gutsure aka sa masa roba. Na kwana biyu ina ƙona data kafin na faɗa kan hotunan wani tsohon littafin Faransa na koyar da aikin tela, na wani Garsault, bugun 1769, a ciki an zana yadda telolin lokacin ke shimfiɗa gaba da baya a kan yadi. Ba awo irin namu, zane ne ƙanana, amma aƙalla ka ga siffar. Daga baya na samu wani fatan da aka zana a kan layukan murabba'i, kowane gida inci ɗaya. Na kai wajen masu fotokwafi su fitar min, yaron ya matse shafin ya shiga A4 alhali an tsara shi ne a takardar Amurka mai inci 8 da rabi da 11, ɗan akwatin gwajin da ya kamata ya ba ni inci ɗaya cif ya gaza. Ƙarshe takardar buhun siminti na samo na goge, na ja layuka da rula na kwafe gida gida, kamar ɗan firamare.

To ga inda na yi wauta. Da na gama kwafa sai na ga bayan wandon ya yi wani irin buhu, ƙugun baya ya haye sama sosai ya fi na gaba, mazaunin ya yi faɗi, ƙafafun kuma sirara sun buɗe gefe. Na ce lallai mai zanen nan ya yi kuskure, na sa almakashi na rage na daidaita shi kamar wandon kwat. Na ɗinka gwaji da akoko na sa wa yarona, a tsaye kam gwanin kyau, na ce zauna mu gani, ji kake ɓarrr, hantsar ta yage tun daga tsakiya har baya.

Na kwashi tsumman na tafi wajen maigidana da ya koya min ɗinki, tsoho ne yanzu idonsa ya yi rauni amma hannu na nan. Ya shafa takardar ya shafa yagaggen ya yi dariya ya ce "kai yaro, ba ka taɓa yanka buje ba ne? Wandon da aka kama shi a ƙafa, in ba ka ba shi wuri a hantsa ba ina mutum zai sa jikinsa in ya hau doki?" Na ce Baba wallahi ban kawo haka ba. Gaskiyarsa ce, tunda an ɗaure gwiwa yadin ba shi da hanyar zamewa sama in an zauna, kuma yawancin yadin lokacin ba ya miƙewa, duk sararin a baya aka tara shi, doguwar kwat ɗinsu kuma ta rufe buhun ba mai gani. Su ma mahaya ne kamar masu kamun ƙafa na hawan sallah, mu dai muka zuba namu har idon sawu, su suka tsaya a gwiwa.

Na mayar da yadin da na rage. Gaban ba zif, wani ɗan murfi ne da ake ɗagowa a maɓalle a ƙugu, baya kuma an tsaga an sa igiya kamar zariya don a matse ko a sassauta, wannan ya taimake ni don yaran ba girmansu ɗaya ba. Gefen gwiwa tsaga ce da maɓallai, na sa huɗu huɗu, sai ɗan maɗauri da ƙarfe. Ƙarfen na rasa a Kwari, wajen mai gyaran takalmi na samo na tsofaffin sandal guda 12, na goge da toka suka yi ƙyalli.

Gidan maɓalli kaɗai ya ci min kwana biyu. Yaya ta zo ta ɗaga ta juya ta ce bayan nan bai yi yawa ba? Na ce Yaya ki sa sarkin naki ya zauna a karaga tukuna. Kuɗin ɗinki kuwa har yau wai sai an yi albashi, kuma jiya ta turo min hoton kwat ɗin.