Ranar da waya ta maƙale mini a cikin bango

A bara na karɓi aikin ja wayar intanet a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, ɗakin kwamfuta ɗaya da ofisoshi biyu a saman bene. Kafin in zo, mai wayarin ɗin wuta ya riga ya binne bututun roba na mili 20 a bango, magini ya bi da filasta. A wurinsa bututun ya isa, tunda irinsa yake zura wa wayar soket da ta fitila kullum. Ban yi musu ba, kuma laifina ke nan, don na san lissafin.

Mili 20 ɗin da ake faɗa kaurin waje ne, ramin ciki bai wuce mili 17 ba. Ita kuwa wayar intanet ɗin, wadda ake kira Cat6, kaurinta kusan mili 6. Ƙa'idar aikin ita ce, idan wayoyi sun kai uku, kada su cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na ramin. Wato uku ne iyakar abin da bututun zai ɗauka, ni kuma huɗu nake so in zura zuwa bene, ta gwiwa uku, wato wuraren da bututun ya lanƙwasa.

Mita goma na farko lafiya lau. A gwiwa ta biyu abin ya cije. Yarona ya ce, "Oga, mu sa sabulun ruwa mana." Muka tsiyaya, wayar ta ɗan matsa, sai aka kira Azahar muka tafi. Lokacin bazara ne. Kafin mu idar da salla mu ci abinci, sabulun ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya manne wayoyin da jikin bututun. Muka haɗu mu biyu muka ja da ƙarfin tsiya.

Wayar intanet ba ta jure wannan. Iyakar jan da aka yarda a yi mata niyuton 110 ne, kamar nauyin kilo 11. A cikinta siraran wayoyi takwas ne, an murɗe su biyu-biyu, kuma murɗin shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki mai gurɓata shi. In ka ja fiye da kima ya saki, ko ɗaya ta tsinke ba ka gani ba. Wayoyin sun fito, amma biyu daga ciki suka ƙi wuce gudun mega 100, domin gigabit, wato gudun mega 1000, sai da tagwayen huɗu duka, shi kuwa mega 100 biyu sun ishe shi. Na'urar gwaji ta nuna tsinkewar ƙarara.

Na je na sami shugaban makarantar na ce, "Malam, sai an fasa bango, kuma kuɗin wayar da ta lalace a kaina." Bai ji daɗi ba, amma ya yarda.

A karo na biyu na sa bututun mili 32 a babbar hanya, wanda ke ɗaukar kamar takwas, na mili 25 kuma a rassa. Na daina amfani da gwiwa mai kaifi, na lanƙwasa bututun a hankali da sifirin. Ban bar fiye da lanƙwasa biyu ko mita 30 ba tare da akwatin da za a buɗe a ja waya ba. Na sayi man jan waya na gaskiya, irin mai ruwa-ruwa kamar Polywater, wanda ko ya bushe ba ya manne waya. Maginin ya kawo shawarar baƙin mai ko basilin, na ƙi, don duk abin da aka yi da fetur yana iya cin rigar wayar a hankali, kuma ɓarnar ba ta fitowa sai an daɗe da biyan ka.

Yaro yana turawa yana shafa mai a bakin bututu, ni ina ja da hannu ɗaya, wayoyin duka a ɗaure wuri guda. Na haɗa da igiyar leda na bar ta a ciki saboda ranar da za su ce a ƙara kyamara. Sai da na bari man ya bushe kwana biyu sannan na yi gwajin ƙarshe, dukkan layukan suka hau gigabit.